Saƙo na Goma Sha Takwas

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara shiga filin jirgin saman Yamai ba. Ko na so in manta, akwai mutum wajen arba'in da suka tsaya suka kalla, kuma wasunsu har yau ina haɗuwa da su.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina. Ni mutum ne mai kunya, irin kunyar da ke sa a ba ka shayi da gishiri ka shanye ka ce an gode. Shekara uku na yi a lise, wato babbar sakandare, ta Dogon Dutsi, a benci na biyu kusa da taga, kuma akwai malaman da suka san rubutun hannuna sarai amma ba su san muryata ba. Abin da bakina ya kasa, alƙalami ke yi mini. Kome rubutawa nake. Ina da kaye, wato littafin rubutu, na darasi, da kaye na littattafan da na karanta, har da kaye na ranakun da aka yi ruwa a gonarmu ta Kore Mairuwa (ba wanda ya sa ni, kuma ba wanda ya taɓa tambaya).

A ajin ƙarshe aka raba mana aikin bincike, ni na faɗa kan filin jirgin babban birni. Na duƙufa. Na karanta yadda ya fara da ɗan ƙaramin gini, yadda aka yi ta faɗaɗa shi, aka ƙara tsawon hanyar da jirgi ke gudu kafin ya tashi, aka gina sabon zaure na gilashi, aka kawo gadar nan mai tafiya da ke zuwa ta manne da ƙofar jirgi. Na san inda ake auna kaya, da inda ake buga hatimi a fasfo, da aikin mutanen da ke zaune a hasumiya. Har taswira na zana da jan biro da shuɗi. Jirgi kuwa ban taɓa ganinsa ba sai a sama, kamar allura tana jan farin zare ta bisa gonarmu. Duk da haka, da labari ya kai gida, sai aka fara kirana masanin jirgi. Ban musa ba. Musu ai sai da magana.

Bayan na gama lise na rubuta jarrabawar shiga wata makaranta a Abijan da ke koyar da sufuri da jigilar kaya. Na ci ta rubutu. Saura ta baki, ranar Alhamis da safe, a gaban malamai, a can Abijan. Suka aiko mini da tikitin jirgin Laraba da la'asar. Idan wannan jirgi ya tashi ba ni, babu wani da zai kai ni kafin lokaci, sai dai in jira baɗi. Shugaban lisemmu ya taya ni murna, sannan ya dube ni da tausayi ya ce, "Rubutu kam ka ci. Amma can sai ka buɗe baki."

To, wanda bai san garinmu ba, ga abin da ya kamata ya sani: rabin samarin unguwarmu suna Abijan ci-rani, kuma a wurinmu ba a tafiya hannu sake. Duk mai tafiya ɗan saƙo ne. Kwana biyu da jin labari, ƙofar gidanmu ta zama kamar ranar kasuwa. Wannan ta zo da ƙullin daddawa na ɗanta, waccan da yaji, wani da kilishi, wata da garin kuka da busasshen zogale, wata da ƙuli-ƙuli na mijinta da ta ce ya rame a hoto. Kowa kuma kalma ɗaya yake faɗi: "Ba shi da nauyi."

Na san doka. Na ma ja mata layi biyu a kayena: kada matafiyi ya ɗauki kayan da bai san abin da ke ciki ba. Amma yaya zan dubi Goggo Dela, wadda ta yi mini wanka tun ina jinjiri, in ce mata doka ta hana? Sai na yi abin da na iya. Duk wadda ta kawo saƙo, sai in buɗe kaye, in roƙe ta, idona a ƙasa, ta kwance ƙullin a gabana.

"Saƙo ba a kwance shi, ɗan nan," in ji Goggo Dela. "Amana ta."

Na dai riƙe biro ina jira. Ashe shirun mai kunya ma makami ne, don ta gaji ta kwance. Na rubuta lamba, da sunan mai aikawa, da na mai karɓa, da abin da ke ciki, da launin tsumman da aka ɗaure. Daga nan na kwashi duka na kai likitar gari, wato asibitinmu, inda Madam Marta ungozoma ta ara mini ma'aunin jarirai (ta ce ba ta taɓa auna jariri mai warin daddawa haka ba). Saƙo goma sha bakwai cif. Don kada nauyi ya wuce abin da jirgi ya yarda, nawa kayan suka koma riga biyu da wando ɗaya.

Inna tana zaune tana kallon duk wannan. Ranar tafiya da safe na bar akwatin a ɗakinta na je yi wa liman sallama. Minti goma ne kawai. Ku riƙe wannan.

Kawu Tankari, ƙanen Inna, shi ya raka ni Yamai. Ya yi shekara ashirin yana zuwa ci-rani ta mota, ya san kowace iyaka da kowane shinge. A cikin kar, babbar motar fasinja, kuwa wani abu ya same ni da bai taɓa samuna ba: na yi ta surutu. Daga garinmu har Dosso ina yi masa bayanin filin jirgi, na buɗe taswira a cinyarsa, ina nuna masa ƙofa ta ɗaya da ta biyu. Ya yi barci sau biyu, ya farka ya tarar ina ci gaba. Da muka kusa Yamai sai ya ce:

"Masani, ka gama? To ji nawa karatu. In sun tambaye ka ko ka ɗauko saƙon wani, ce musu babu."

"Kawu, ai akwai."

"Na san akwai. Ni na ɗora shi bisa mota."

Muka kwana gidan wani ɗan garinmu. Laraba, awa uku kafin tashi, muna bakin filin. Gaskiya takarda ba ta faɗi rabinsa ba. Gilashi daga ƙasa har sama, motoci na ajiye mutane suna wucewa, ga wutsiyoyin jirage suna leƙowa ta bayan gini. Kawu ya cire hula ya sosa kai.

"Nan duk hili na a da," ya ce. "Sa'ad da munka rako alhazai, bakin waya muka tsayawa muna ɗaga musu hannu har su shiga. Yanzu ko jirgin ba a gani."

A ƙofa aka tsayar da shi, don mai tikiti kaɗai ke shiga. Ya dafa kaina ya yi addu'a, ya koma ya manna fuska a gilashi. Ni kuwa na shige kamar ɗan gida. Na san abin da ke gaba: na'urar da ke leƙa cikin kaya. Na ɗora akwatina a kan bel tun kafin a ce mini, ina jin wani daɗi a raina.

Akwatin ya shiga, ya fito, ya sake komawa. Ma'aikaciyar da ke kallon allon, wata matashiya mai kaki, ta kira ni da yatsa.

"Naka ne? Kai ka shirya shi?"

"Ni ne, madam."

"Akwai saƙon wani a ciki?"

Na waiwaya. Kawu na bayan gilashi yana girgiza kai da dukan ƙarfinsa, kamar ya ji tambayar. Na dubi madam. Ban iya magana ba, amma ƙarya ta fi magana yi mini wuya.

"Akwai," na ce. "Goma sha bakwai."

Daga nan ta kira babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu da kowa ke ce wa Shef. Aka kai akwatin kan wani dogon tebur a gefe, inda duk mai shigowa zai gani, aka ce in buɗe.

Jama'a, ban san sanyin na'ura na ɗaukar wari haka ba. Ina kwance ƙullin Goggo Dela, daddawa ta tashi ta gaida kowa a zauren nan. Wani alhaji mai kwat da jakar hannu ya ja baya ya toshe hanci. Wasu Turawa biyu masu jakar goyo suka tsaya suna leƙe. Layi ya daina tafiya, don kowa ya fi son kallo.

Na ciro kaye. Shef ya ce, "Wannan fa?"

"Jerin kayan ne."

"Karanta."

Na fara da murya irin ta sauro. Ya ce, "Ɗaga murya, samari, kunnena ya tsufa." Na ɗaga. Lamba ɗaya, daddawa, tsumma shuɗi. Madam ta ɗaga, daddawa ce, tsumma shuɗi. Lamba biyu, yaji, leda baƙa cikin farin ƙyalle. Haka ne. Lamba uku, huɗu, biyar. Matan garinmu sun iya ɗauri, kowane ƙulli sai an yi ta fama da haƙori da farce, lokaci kuwa na tafiya, amma duk abin da na karanta shi ake gani. Wajen lamba goma na lura Shef ya daina duba kayan, kayen yake duba. Wajen lamba sha biyar na ji wani a layi ya ce, "Kai, yaron nan akawu ne." Kaina ya fara kumbura. Da na rufe lamba sha bakwai, sai na ji bakina, wannan bakin da ya yi shekara uku a rufe, ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba:

"Shef, ko allura babu a akwatin nan da ban rubuta ba."

Ban rufe baki ba madam ta zura hannu ƙarƙashin rigunana biyu, ta zaro wani ƙaramin gwangwanin madara, an naɗe shi da tsumma an ɗinke. Ta ajiye a ƙarshen layin ƙullin.

"Sha takwas," ta ce.

Na duba kaye. Na juya shafi. Na duba bayan shafi, kamar rubutu zai tsiro. Aka farke ɗinkin, aka buɗe gwangwanin. Wani jan gari ne a ciki, mai laushi. Fuskar Shef ta canza.

"Mene ne wannan?"

"Ban sani ba."

Ni na rubuta da hannuna a aikin bincikena cewa babu amsar da ta fi wannan muni a filin jirgi. Shef ya yi mini bayani a natse, ba faɗa ba tsawa: garin da ba a san shi ba sai an kai gwaji, mai shi kuma sai ya zauna ya ba da bayani. Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Saura minti ashirin da biyar a rufe karɓar kaya. Na ga Abijan tana nisa, na ga kaina na koma Kore Mairuwa da saƙo goma sha bakwai a ka, ina bi gida gida ina mayarwa.

Sai idona ya faɗa kan tsumman da aka farke. Tsohon zane ne mai ɗigon fari, ya koɗe. Na san shi. Da shi aka goya ni.

"Shef," na ce, "ina jin mahaifiyata ce. A bar ni in kira ta."

"Kira. Amma ka buɗe muryar wayar, mu ji tare."

Kira na farko ba a ɗauka ba. Na biyu ma haka. A na uku na ji ƙarar taɓarya ta tsaya, sannan muryar Inna ta cika zauren. Inna ba ta yarda waya na kai magana da kanta ba, sai an taimaka mata.

"Har ka isa?"

"Inna, ban tashi ba. Ke kika sa gwangwani a akwatina?"

"Awo, ni ce. Wa ya ce ka buɗe tun yanzu?"

Shef ya matso. "Hajiya, ina wuni. Ma'aikacin filin jirgi ne. Mene ne a ciki?"

"Lahiya lau, ɗana. Ƙasa ta. Ƙasar ƙohwar gidanmu, na tankaɗe ta da rariya. In ya sauka shi zuba kaɗan cikin ruwan can kahin shi sha. Yaron ga ba shi jimirin baƙon ruwa."

Na ce, "Inna, ya isa, sun gane."

Ina. An buɗe mata ƙofa.

"Ku ba ku san shi ba. Sa'ad da ya tahi Dosso jarrabawa, kwana uku cikinai na gudu. Wando biyu anka wanke mishi gidan mutane. Ya dawo kamar kara, yana kuka wai shi gida shika so. Kuma ba shi faɗi. Ko mutuwa shikai ba shi buɗe baki. In na ba shi a hannu sai shi ce sai ya rubuta ya auna, shi ya sa na ɓoye."

Akwai wani irin shiru da ke zuwa kafin dariya, kamar iskar da ke zuwa kafin ruwa. Madam ce ta fara, ta juya baya kafaɗunta na rawa. Sai alhaji mai kwat. Sai layin gaba ɗaya. Wani ya fassara wa Turawan, su ma suka samu rabonsu. Na leƙa gilashi, Kawu bai ji kome ba amma ya ga ana dariya, shi ma yana yi. Ni kuwa da ƙasan wurin ba siminti ba ne da na tona na shige.

Shef bai yi dariya ba, sai dai gemunsa ya ɗan motsa. Ya ɗebi garin ya murza a yatsa, ya shinshina, ya sa aka goga wani ɗan ƙyalle a gwangwanin aka saka a na'ura, ta nuna babu kome. Sannan ya ce:

"Hajiya, na yarda ƙasa ce. Amma ƙasa ba ta ƙetare iyaka a akwati. Ko mun bari, can za su karɓe."

Inna ta ce, "To in tana cikin cikinai hwa?"

Shef ya dube ni, ya dubi agogo. "A ciki kam, babu dokar da ta hana."

Alhaji mai kwat, wanda ɗazu ya toshe hanci, shi ya miƙo gorar ruwansa. Ya ce, "Sha, ɗana. Ni tawa uwar toka take ba ni." Na ɗebi ƙasar ƙofar gidanmu da yatsa uku, na zuba, na girgiza, na ɗaga kai na sha a gaban jama'ar Annabi, Inna na tambaya ta waya, "Ya shanye? Ku duba, shina da wayo." Aka tabbatar mata na shanye. Wasu har da tafi.

Abin da ya biyo baya da gudu aka yi shi. Madam da wasu mata biyu daga layi suka taya ni ɗaure ƙullin (sun fi ni iyawa nesa). Aka miƙa wa Kawu gwangwanin ta ƙofa. Shef da kansa ya ja akwatin har wurin karɓar kaya, saura minti huɗu. Da aka ɗora shi a ma'auni, na leƙa kayena: nauyin da ma'aunin jariran Madam Marta ya ba ni, shi ne ya fito. Shef ya gani. Ya mayar mini da kayen ya ce, "Kada ka yar da wannan."

Aka buga mini hatimi, na bi ta gadar nan mai tafiya da na zana da jan biro, na zauna kusa da taga. Da jirgi ya ɗaga na ga kogi ya kwanta kamar igiya, yashi na ƙuruƙuru tsakanin haƙorana.

Washegari na shiga gaban malamai uku. Abin mamaki, ban ji tsoro ba. Me za su yi mini? Mutumin da aka karanta tarihin cikinsa a babban filin jirgin sama, mutum uku masu tabarau ba za su firgita shi ba. Ɗayansu ya tambaye ni ko na taɓa yin wani aiki da ya shafi jigilar kaya. Na ce jiya ma na yi. Na ciro kaye, na ba su labari tun daga Goggo Dela har Shef (na tsallake zancen Dosso). Suka yi ta juya shafuka, suna tambaya ina amsawa, har lokacina ya wuce ba wanda ya lura. Da yamma na je unguwar 'yan garinmu na raba saƙo goma sha bakwai, kowa ya sa hannu a gaban sunansa.

Na ci jarrabawar. Cikina kuma bai ce kome ba har na dawo, abin da Inna ke faɗa wa duk wanda ya zo taya murna tun kafin ta ambaci jarrabawar.

Hutun bana, a sashen kaya na wannan filin jirgin nake koyon aiki. Ana ta ƙara gine-gine, an kawo sababbin ma'aikata da yawa, amma labarina ya riga ni isa wurin kowannensu. Kullum da safe in na wuce ta ƙofa, Shef zai amsa gaisuwata da mutunci, ya bari sai na yi taku uku, sannan ya ce, "Masani, ya cikin?"

Abin da na koya shi ne, kana iya ƙirga kayan gari duka, ka auna, ka ja layi biyu, amma uwa ba ta shiga jeri. Shi ya sa har yau, duk jerin kayan tafiyata da zan rubuta, nakan bar layi ɗaya a ƙasa ba kome. Wannan na Inna ne.